Kujerata a gaban rumfar mai tumbak

Ni na fara sa wa ƙanena tumbak a leɓe. Muna aikin walda a unguwar masana'antu, Mantiƙa Sinaiya, haƙori ya hana shi sakat, sai na buɗe gwangwanina na murza masa garin tabar kaɗan, na ce ya danna tsakanin leɓe da dasashi. Ya yi jiri, ya yi amai, muka yi ta yi masa dariya. Sati bai cika ba ya zo da nasa gwangwanin.

Wurin mutum ɗaya muke saye, wani ɗan unguwarmu ta Hajj Yusuf mai rumfa a kasuwar Umdurman. Nasa ya fi na kowa kama kai, shi ya sa muke tsallake kogi mu same shi. Yakan yi alfahari cewa hannunsa ya fi nauyi wajen zuba kanwa.

Sai da ciwon daji ya ci muƙamuƙin ƙanena na san abin da kanwar take yi. Likitar da ta duba shi ta ce kanwa ce ke buɗe wa nikotin, dafin da ke cikin taba, hanya ya ratsa fatar baki ya shiga jini. Nan da nan ya kai ƙwaƙwalwa, ya zauna a gurbin wani sinadari nata na asali, ya sa ta saki abin da ke sa mutum jin daɗi. Da ta saba, sai ta ƙara yawan guraben. Idan suka wayi gari babu komai, su ne ke kawo ƙunci da ciwon kai da faɗa ba dalili. Karatuna bai yi nisa ba, amma wannan na gane shi, don a jikina na san shi shekara da shekaru.

Ranar da muka binne shi na daina. Bayan sadakar bakwai na ɗauki kujerar roba na dasa ta a gaban rumfar mutumin. Duk wanda ya zo saye sai na ja leɓena ƙasa, na nuna masa dasashin da ya zaizaye da haƙoran da suka rage, na faɗa masa yadda ƙanena ya ƙare yana shan kunu ta tiyo. Wasu su zage ni, wasu su juya. Duk wanda ya juya sai na ji sanyi a raina. So nake rumfar ta mutu yana kallo.

Ya yi mini ashar, ban tashi ba. Ya aiko mini da shayi, na mayar. Wata rana da hantsi yana kwaɓa sabon haɗi, iska tana kaɗo warin wajena, sai ya ɗago kai.

"Malam, kujerar nan taka kullum matsowa take yi. Don marigayi kake zuwa, ko hancinka ke kawo ka?"

Ya miƙo mini gwangwani a buɗe. Yawu ya cika mini baki. Kafin na yi tunani yatsuna biyu sun shiga ciki sun fara murzawa. Na fizge gwangwanin na kife shi a kwata, na ce masa ni da shi sai gaban Allah.

A motar komawa gida na tsinci kaina ina lasar yatsun nan biyu. Na yi kuka, fasinjoji suna kallona. Washegari na koma, na kafa kujerar ta inda iska ke bayana.