Abin da Babana Yake Kallo a Kan Soro

Warin man keken ɗinki da ƙamshin kifin da maƙwabta ke soyawa nake fara ji duk lokacin da na tuna yammacin da babana ya yi hawansa na ƙarshe kan soron gidanmu. Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarsa. Har gobe a Nuzla, unguwarmu a Jidda, akwai waɗanda in an ambaci Haruna Maharbi sai su kalli juna su yi ɗan murmushi. Saboda su nake wannan rubutu, kuma ba haƙuri na zo ba su ba.

Baba daga Sudan ya zo, daga wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi, inda yake farautar ɓauna. A Jidda gadi yake yi a kantin wani Bahadramiye, Balaraben Yaman, mai sayar da agogo da rediyo da gilasan hangen nesa. Bindigarsa tana can gida hannun dangi. Abin da yake nema shi ne madubin da zai ɗora mata ranar da zai koma, irin gilashin nan mai kama da guntun bututu da ke kusanto wa maharbi abin harinsa. Duk lokacin da sabbi suka iso kanti, maigidansa yakan ara masa ɗaya ya kwana da shi.

Ba ya gwada madubi da rana. Yakan ce da rana kowane gilashi mai gaskiya ne. Sai rana ta faɗi, an idar da magariba, haske ya rage kaɗan a sama, sannan ya hau soro, ni ina biye da shi da tsumma da 'yar kwalbar man keken ɗinki. Can ƙarshen unguwa akwai wani baƙin jaki na mai ga-ruwa da ake ɗaurewa a jikin katanga. Shi ne ɓaunarmu. Baba zai saita madubin a kansa, ya daɗe, sannan ya miƙo mini.

"Uwata, kina ganin kafaɗarsa, ko baƙi kawai kike gani?"

In na ce baƙi kawai, sai ya ce, "Halas, gobe ya koma kanti."

Haka ya ƙi masu yawa. Mai kusanto abu sosai ya ce yana rawa a hannu, kuma yana ƙuntata daji har dabba ta zo ta gefenka ba ka sani ba. Wani zaren saitinsa ya yi siriri, yana ɓacewa a duhu. Wani sai ka manna ido a jikinsa, ranar harbi kuwa bindiga za ta tokare shi ya fasa maka gira. Wani raɓar teku ta shige shi. Ni a lokacin ban damu da wannan duka ba. Abin da nake so shi ne yadda duniya ke zama zagaye a ciki, shiru, kamar an zuba ta a ƙoƙon shayi.

Sai magana ta tashi. Namiji a kan soro da gilashi, daidai lokacin da mata ke fitowa shan iska a saman gidajensu. Aka ce leƙe yake yi. Umda, wato mai unguwa, ya zo da dattawa biyu suka zauna a ƙofar gida. Ina bayan labule ina jin ɗayansu yana cewa, "Aibu ne, ya ammi Haruna. Kai da ba ka da ko bindiga, wace ɓauna kake hari a Nuzla? Ka gwada da rana mana, kowa yana gani." Baba ya ce gwaji da rana ba shi da amfani. Suka ce don me? Ya yi shiru. Shirun nan suka ɗauka suka yi yawo da shi.

Yammacin nan ya hau sau ɗaya, ya goge madubin da ke hannunsa, ya duba jakin, ya ce, "Wannan ne." Washegari ya mayar da shi kanti, bai sake hawa ba. A masallaci ya koma sahun baya. Kafin shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke shi.

Yau benaye sun tare wajen da katangar take, jakunan ruwa sun ragu, samari masu kuɗin fetur suna bin barewa da mota da fitila a sahara, su harbe ta, ta gudu da rauni su bar ta. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Ina jin tsaki kawai zai yi. Waɗanda suka yi masa ƙazafi kuwa sun tsufa, ana sumbatar goshinsu ranar idi. Ni ina wajen. Ni na riƙe tsumman. Ban taɓa ganin bakin madubin nan ya karkata ga gidan kowa ba, kuma zan faɗa ko a gaban wa.

Bai bar mana gida ko kanti ba. Ya bar mini ƙin yanke hukunci kan abin da ban gani sarai ba, abin da dattawan unguwarmu suka kasa yi masa.

Aikin hajjin bara wata tsohuwa daga ƙauyen su Baba ta sauka wajenmu. Da na ba ta labarin soro, sai ta ajiye shayinta ta tambaye ni ko na san yana da ƙane. Ban sani ba. Ta ce Ilyasu sunansa, tare suke farauta. Wata magariba Baba ya harbi ɓauna bai ga kafaɗarta da kyau ba, harsashi ya same ta a ciki. Ta shige ciyawa, ta zagayo ta inda Ilyasu yake tsaye. Baba da kansa ya ɗauko gawarsa a kafaɗa har gida, kuma a watan nan ya kama hanyar Makka.