Mai Gyaɗa da Tsohon Littafi

A bakin tasha take zaune, tana naɗe gyaɗa a takarda. Daga wani tsohon littafin soyayya take yago takardun, irin wanda jarumarsa ke ta haƙuri har a saka mata da miji. Ta baya take yagowa. Idonta na hagu a kumbure yake, sai jan mayafi take tana rufewa. Wataƙila da ƙuruciya ta haddace littafin nan.

Na ce, "Yaya, kin yage ƙarshen labarin."

Ba ta ɗago ba. "An ɗaura aure, shi ke nan. Marubucin bai bi ta gida ba, ƙanena."

Ta miƙo min ƙunshin. Maiƙo ya jiƙe sunan angon.