Agora, Harafi Biyar

A kan teburin cin abincin Kawu na fara jin kalmar nan, agora, a satin da na sauka Faransa. Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya zo Lyon tun yana saurayi don ya karanci tarihin mutanen dā, amma karatun bai kai ƙarshe ba. Mahaifinsu ya rasu, gida ya dawo wuyansa, ya ajiye littafi ya shiga loda tsofaffin firigo da kayan mota a kwantena yana turawa Nijar. Ya taɓa aure, auren ya mutu, Allah bai ba shi haihuwa ba. Da na zo, shi kaɗai na tarar a wani bene a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, daga shi sai butar shayi da jarida.

Jaridar ma ba labaranta yake karantawa ba, wai duk ƙarya ce da haraji. Shafin baya yake buɗewa, wurin wasan nan da Faransawa ke kira mots fléchés: gidaje ne jere kamar na dara, a ba ka ɗan bayani, ka nemo kalmar ka cike, kowane harafi a gidansa. Da bik, wato biro, yake cikawa. Ya ce mai cikawa da fensir matsoraci ne, tun bai fara ba ya shirya gogewa. Ran nan ya ɗago kai ya ce mini, dandalin Girkawa, harafi biyar. Na ce ban sani ba. Ya tafa hannu ya yi salati, wai haka Damagaram ta lalace, an turo masa 'yar jami'a ba ta san agora ba. Sannan ya gyara zama ya bayyana mini. Fili ne a tsakiyar garuruwan Girkawan dā, kasuwa ce, kuma nan ake taruwa a yi gardamar ilimi da ta sha'anin gari, mai sayar da kifi yana nan, malami yana can da ɗalibansa. Masu shirya wasan suna son kalmar saboda wasulanta, shi ya sa da wuya sati ya wuce bai ci karo da ita ba.

Da na koma Paris na fara karatu a jami'ar Saint-Denis, sai ga shi wani zauren da ɗalibai ke zama tsakanin darasi da darasi agora suke ce masa. Kujerun roba ne da injin kofi mai cinye kuɗin mutane. Na buga wa Kawu waya da ɗokina. Ya tambaye ni ko ana sayar da albasa a wurin, na ce a'a, ya ce to an cuci Girkawa. Ya yi dariya har da tari. A wayar nan ce ya ce mini in dage in kai har dakta, ranar da zan kare kundina zai zo da babbar rigarsa ya zauna a gaba, ya ga wani na gidanmu ya ƙarasa abin da shi ya bari. Bai ƙara maimaita maganar ba, ni kuwa na riƙe ta. Tarihi nake karantawa, kamar shi.

Duk Lahadi da hantsi muna waya. Kawu ba ya yanke gaisuwa irin ta yaran yanzu. Ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ina karatu, ina labarin gida, ina haƙuri da zaman baƙunta, sai ya kai ƙarshenta tsaf. Daga nan ya jefo mini tambaya daga jaridarsa, in na kasa ya yi ta tsiya, in na ci ya ce sa'a ce. Shekaru muna haka.

Ban san Lahadin da tambayar ta daina zuwa ba. Gaisuwar dai tana nan, ko kalma ɗaya ba ta ragu ba. In ya gama sai ya ce Allah ya yi albarka, ya ajiye. Na ɗauka tausayina yake ji, ya san na shiga rubutun kundi. Sunan kakata aka sa mini, don haka tun haihuwata bai taɓa kama sunana ba, mai sunan tsohuwa yake ce mini. A wajen lokacin nan ya koma ce mini 'yata, yadda yake ce wa kowace yarinya, wannan ma ban kawo komai a raina ba. In Inna ta kira daga Damagaram ta tambayi yayanta, in ce lafiya lau, jiya ma mun gaisa. Ita ma in ta kira shi, lafiya lau. 'Yan kasuwarmu na Lyon suna haɗuwa da shi ranar Juma'a a masallaci, a yi musabaha, a gaisa, kowa ya kama gabansa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Gaisuwarmu kowace tambaya da amsarta a shirye, mutum zai iya yin ta daga farko har ƙarshe bai san da wa yake magana ba. Mu duka mun ji muryarsa, babu wanda ya san halin da yake ciki.

Wata tsohuwa 'yar Aljeriya, maƙwabciyarsa, ita ta neme ni. Na taɓa ba ta lambata wani zuwa da na yi. Ta ce ta same shi a hawan da ke ƙasa da nasu, da burodi a hammata, yana ta gwada makullinsa a ƙofar wasu, kuma ba wannan ne karon farko ba. Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon.

Ya buɗe mini ƙofa da fara'arsa, ya yi mini sannu da hanya, ya tambayi mutanen Paris. Ɗakin a share, rigarsa a goge. Har na fara jin haushin tsohuwar, na ce ta tayar mini da hankali a banza. Ya yi azahar, muka ci abinci, ina kwashe kwanuka sai na ga ya miƙe ya sake alwala ya tayar da wata azahar ɗin. Na ƙarasa kwashe kwanukan. Da ya sallame na jawo jaridar da ke kan tebur, na miƙa masa bik, na ce yau ni zan yi tambaya. Na bi shafin da ido, Allah ya sa tana ciki.

“Kawu, dandalin Girkawa. Harafi biyar.”

Ya karɓi bik ɗin ya riƙe shi daidai, yadda ya saba. Ya dubi takardar ya daɗe. Ya ce idonsa ne, rubutun yanzu ƙanana suke yi. Na ce ba sai ya duba ba, da harafin “a” take farawa. Ya motsa baki. Na ce wurin da ba a sayar da albasa, ina dariyar dole ko zai biyo ni. Ya yi murmushi don ya ga ina yi, ya ajiye bik ɗin a hankali.

“Bari sai an jima, 'yata. Kin sha hanya.”

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji, na yi kuka mai isata.

Likitan da muka gani ta yi masa tambayoyi da Faransanci. Mutumin da yake gyara wa Faransawa harshensu, ranar nan kalmomin suna zame masa, yana cike gurbinsu da Hausa yana kallona. Ta ce ciwon mantuwa ne, kuma ya daɗe yana cinsa, ta tambaye ni yadda aka yi ba wanda ya lura. Me zan ce mata? Cewa na yi yana gaisawa lafiya lau. Ta dube ni ba ta gane ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Akwai wani Alhaji a Stains, a gefen Paris, tsohon abokin kasuwancinsa, tare suka yi shekaru suna loda kwantena. Shi na fara gaya wa. Da farko faɗa ya yi mini, wai tsufa ne kawai, in daina kai dattijo gaban Nasara ana tona masa asiri. Na ce Alhaji, rufin asirin ne ya kawo mu nan. Na faɗa da zafi, na sani, Hajiyarsa har ta taɓa ni a gwiwa. Amma mutumin kirki ne. Da kansa ya tuƙa mota har Lyon ya ɗauko Kawu ya ba shi ɗaki a gidansa. Inna ta ce a maido mata yayanta gida ya ƙarasa a cikin danginsa, kowa ya ce haka ya kamata. Ni kaɗai na roƙa a dakata. Na ce saura kaɗan in gama, a bar shi ya ga ranar nan, daga nan ni da kaina zan raka shi. Inna ta ce to, amma in yi sauri.

Na yi sauri iyakar ƙarfina. Ina rubutu, shi kuma yana raguwa, ina gani. Daga jami'a nakan hau bas zuwa Stains da la'asar in same shi a bakin taga. Wata rana ya gane ni sarai, har ya tambayi babi na nawa nake, ya ce kada in yarda malamin nan nawa ya sa ni cika surutu. Irin ranar nan nakan koma ɗakina da ƙarfi kamar an yi mini allura. Wata rana kuma gaisuwa ce kawai, in ta ƙare ya juya ga taga. Hajiya tana ajiye masa jarida kullum da bik a kai, yana ninke ta ya sa a aljihu. Na sha yi wa malamina rashin haƙuri a kan gyare-gyaren da yake dawo mini da su, har ya ce bai taɓa ganin ɗaliba mai gaggawa irina ba. Bai san da wa nake tsere ba.

Ranar ta zo cikin sanyi. Alhaji ya kawo shi cikin babbar riga shuɗiya da hula, ya zaunar da shi a layin gaba. Ina magana ina satar kallonsa. Ya zauna a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, yana gyaɗa kai duk lokacin da wani malami ya yi tambaya, kamar yana auna ta. Ko sau ɗaya bai nemi fita ba. Da malaman suka fita shawara suka dawo, kowa ya miƙe tsaye yadda ake yi, shi ma ya miƙe. Aka ce na zama dakta. Na ga yana tafi tare da mutane, idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina alhamdu lillahi, na riske shi.

Hajiya ta kawo dambu da zogale da kilishi, an jera a wani ɗaki kusa. Na ratsa mutane na je na durƙusa a gabansa. Ya gaishe ni, ina gajiya, ina hidima, ina taro. Ya ce ya ji daɗin bayanina ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Sannan ya sunkuyo ya rage murya.

“Ni ma ina da yarinya a nan Paris, 'yar ƙanwata, tarihi take karantawa. Ta kusa gamawa. In kin gan ta ki ce ta dage, ina nan zuwa.”

Na ji Alhaji ya ja numfashi a bayana, zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Fuskar Kawu cike take da alfahari, ban taɓa ganinta haka ba, kuma ban ga dalilin da zan rikita shi a gaban mutane ba.

“Zan gaya mata, Kawu.”

Ya ce madalla, Allah ya yi mini albarka. Hajiya ta zuba masa dambu a faranti, na riƙe masa kofin ruwa har ya gama ci.