Malam Bashiru da Ƙofar Fijon Na'Allah

Kafin masu albasa su gama loda buhuna a bakin titin Boɗinga, Malam Bashiru mai gyaran bodin mota ya riga ya share gindin dalbejiyarsa, ya jera gudumominsa a kan buhu. Ba ya fara bugu sai ya zagaya motar da aka kawo masa yana ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, kunnensa a jikin ƙarfe. Inda ta amsa tangaran ya wuce, inda ta amsa a dushe ya zana da alli, don ya san tsatsa ta ci ciki. Direbobi na tsokanarsa da likitan gwangwani, shi kuwa ya ce musu gwangwanin ne ke mayar da su gida. Bana ya ce zai ajiye guduma, ido ya fara yi masa gardama, shi ya sa muka ga ya kamata a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Malam Bashiru na da wata ɗabi'a da ta kore masa masu kawo aiki ba iyaka. Motar da aka taɓa mutuwa a cikinta ba ya kusantar ta da wutar walda sai ya buɗe kowane lungu nata da guduma da kurfi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki, ya leƙa, ya share da hannunsa. Aikin yini sai ya ci mako. Masu gaggawa kan ja tsaki su wuce Sakkwato, shi ko a jikinsa.

Mutanen Horo Birni ne za su ba ka labarin amfanin wannan taurin kai. A da, a bayan garinsu akwai wata tsohuwar Fijo 404 da ta shekara fiye da talatin a gindin tsamiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa. Ta Na'Allah direba ce. Da ita yake jigila tsakanin Shagari da Sakkwato, har ranar da wata babbar mota ta goge shi a hanyar Kajiji, matarsa Asiya na zaune a gaba, hannunta a kan taga. Nan take ta cika. Masu wanka suka tarar babu yatsunta biyu na dama. Na'Allah ya bi gefen titi da rarrafe yana tona ciyawa har rana ta yi sanyi, bai samu ba, aka binne ta a haka.

Tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Ya sa aka jawo motar gida, ƙofar gefen Asiya a lotse, ta ƙi buɗuwa. Sai ya fara cewa idan rana ta take tsaka yana jin ana ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki. Gari ya yanke hukunci cewa mutuwar matarsa ta taɓa masa kai. Amma su masu faɗin hakan ba wanda ke bi ta gindin tsamiyar da azahar, awaki ma ba sa kwanciya a inuwarta.

Bara waccan da kaka, ɗansa Zainulabidin, wanda yake goye lokacin hatsarin, yanzu kuwa babban dillalin albasa, ya ga tsohon ya kwanta ciwo, kullum maganarsa ɗaya: yana kunyar ya je ya tarar da Asiya bai cika mata jikinta ba. Abin ya ci ran ɗan. Ya yanke shawarar a tayar da motar ta koma sabuwa, ko tsohon ya ga babu komai a cikinta, ya samu ya mutu da kwanciyar rai. Aka ɗora ta a bayan tirela sai Boɗinga.

Malam Bashiru ya zagaya ta kamar yadda ya saba. Tsatsa ta cinye ƙasan bodin har kana hango ƙasa ta wurin taka ƙafa. Da ya zo ƙofar gaba ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa, sai ya tsaya, hannunsa a sama. Zainulabidin ya rantse cewa shi ma ya ji: sau biyu, a hankali, daga ciki, alhali azahar ce kuma ko iska ba ta motsi.

"Baba, mi kaj jiya?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Abin da kaj jiya," in ji Malam Bashiru. "An taɓa rasuwa cikin wagga mota?"

Zainulabidin ya gaya masa. Sannan ya roƙe shi: "Don Allah Baba, a sa wuta a yanke ƙohwar a yas, a samo wata. Tsoho ba shi da kwanan jira."

"Ɗana, in wuta kaka so, ga masu walda can gaba. Ni ba ni ƙona wurin da ban gani ba."

Zainulabidin ya tafi da fushi, amma bai ɗauke motar ba. Kwanakin da suka biyo baya maƙwabtan gareji sun sha kallo. Dattijon ya zauna a kan turmi yana jiƙa ƙusoshin da baƙin mai, yana bin bakin ƙofar da kurfi kaɗan-kaɗan, tsatsa na zuba a kan ƙafarsa kamar garin barkono. Daga Horo Birni waya ke ta shigowa cewa jikin tsoho ya yi tsanani. Malam Bashiru ya ji, amma bai ƙara wa gudumar sauri ba, don bugu ɗaya na ganganci ya isa ya niƙe abin da ke ciki.

Ranar da fatar ƙofar ta rabu, bai kira kowa ba. Ya tashi ya yi alwala, ya aika aka sayo masa farin ƙyalle, sannan ya sa hannu. A can ƙasa, inda gilas ke sauka, ga ƙananan ƙasusuwa, ga zoben azurfa a jikin ɗaya. Wani direba da ke wurin ya ce ai shi ke nan, zoben ne ke kaɗawa yana bugun ƙarfe. Malam Bashiru ya naɗe su a ƙyallen. Sai daga baya ya gaya mana cewa zoben a kafe yake cikin tsatsa, da kurfi ya ɓamɓaro shi.

Da kansa ya hau bayan babur ya kai ƙyallen Horo Birni. Na'Allah na kwance, aka tayar da shi zaune. Ya buɗe ƙyallen, ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Bashiru, wuta ta taɓa ta?"

"Ko kusa, Yaya."

Tsohon ya rufe ƙyallen a hankali, ya ce, "Sannu da jira, Asiya." Liman ya ce a tona gefen kabarinta a sa, aka yi hakan kafin la'asar. Waɗanda suka yi shekaru suna kiran Na'Allah mai taɓin hankali suka biyo bayansa zuwa maƙabarta, kowa kansa a ƙasa. Bai kai ganin fentin motar ba, amma ɗansa ya ce kwanakin da suka rage masa barci yake yi har da minshari.

Malam Bashiru, maƙi gaggawa, kai ne ka tsaya wa matar da ba ka taɓa gani ba. Kai ne ka wanke dattijo daga sunan hauka da kurfi da haƙuri. Fijon tana yawo yanzu, fara tas, kowa na yaba santsin bodinta, amma aikinka na gaske yana ƙarƙashin ƙasa a Horo Birni. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a da ma kowace, ku yi koyi da shi, kada mai gaggawa ya sa ku ƙona abin da ba ku duba ba. Da Malam Bashiru ya bi maganar mai mota a ranar nan, da Zainulabidin ya ƙona hannun mahaifiyarsa da bakinsa, kuma har abada ba zai sani ba.