Kada a Zo wa Guduma ta Baya

Yayana direban babbar mota ne. Guduma suke ce masa a tasha, kuma ba a banza ba, don tun muna yara duk wanda ya taɓa ni sai ya tofar da haƙori. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai bayan da 'yan fashi suka tare shi a kan gada da rana tsaka. Ta baya suka shaƙe shi, suka ja shi bakin rafi suna danna kansa cikin ruwa, su ɗago, su sake dannawa. Da suka gaji, la'anannun suka karya masa ƙugu da ƙarfen taya.

Bayan an yi masa aiki, likita ya ce ƙafafun ba za su ɗauki nauyinsa a ƙasa ba tukuna. Sai dai ya koyi tafiya a ɗan tafkin ruwan ɗumi na sashen gashin ƙashi, inda jiki ke yin sauƙi, ciwo ya lafa. In ba haka ba, keken guragu har abada. Yaya ya hana mu ambaton zancen rafi, wai kada a ce Guduma yana tsoron ruwa.

Mai gashin wani siririn dattijo ne. Yadda ya saba aikinsa, yakan tsaya bayan majinyaci ya zura hannu ta hammatarsa ya tallafe shi. Haka ya yi wa Yaya. Wallahi kafin in ƙifta ido Yaya ya sakar masa gwiwar hannu a hanci, ya juyo ya cafki wuyansa ya danna shi ƙasa yana gurnani. Jini ya bazu a ruwan, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa tana ta salati. Da ƙyar masu gadi suka ɓamɓare yatsunsa. Nan take aka ce kada ya sake zuwa.

Na zage shi tas a hanya, ina kuka don takaici. Na ce ga shi nan ya karya kansa da kansa. Washegari na koma na faɗa wa dattijon komai, Yaya ya yi ta fushinsa.

Dattijon da kansa ya roƙi a dawo da shi. Hancinsa a naɗe, ya riga shi shiga ruwan, ya tsaya a gabansa ya miƙa hannuwa.

"Riƙe nan, direba, ka kalle ni. Babu kowa a bayanka sai ƙanwarka."

Yaya ya damƙe wuyan hannuwansa gam, dattijon yana ja da baya a hankali. Haka suka yi ta yi har ruwan ya daina ba shi tsoro.

Ranar da Yaya ya taka ƙasa da sanda, ya kama hannun dattijon zai yi godiya. Sai ya ga shatin yatsunsa, baƙi ƙirin, sabo a kan tsoho, a wuyan hannuwan duka biyun. Guduma ya zauna a bakin tafkin ya fashe da kuka.