Ranar Da Na Ce Wa Baba Ba Na Son Likitanci

Ko da zan tsufa har in manta inda na ajiye takalmana, ba na jin zan manta ranar da Baba ya kai ni Anka rajistar jarrabawar shiga jami'a.

Ni dai ban yi sakandare a aji ba. Ina gama firamare hanyar garinmu ta lalace da rashin tsaro, iyaye suka daina tura 'ya'yansu makarantar kwana. Inna kuwa ta taɓa koyarwa a Gummi kafin aure, sai ta ce in dai tana numfashi karatuna ba zai tsaya ba. A rumfar tsakar gida ta koyar da ni, da tsofaffin littattafan da ƙannenta suke aiko mata. Inda lissafi ya fi ƙarfinta mu zauna mu yi ta fama tare, wani lokacin ma ni nake riga ta ganewa, ta yi dariya ta ce yau ɗaliba ta zama malama. Da haka na zauna jarrabawar kammala sakandare ta masu karatu a gida, Allah ya taimake ni na ci.

Tun kafin sakamako ya fito Baba yake kirana likita. Yana da dalilinsa. Ƙanena na cikin yaran da gubar dalma ta kama lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ya rayu, amma har yau maganarsa a hankali take fita. Baba bai taɓa manta likitocin da suka tsaya a kansa ba. Ni kuma wani abu daban na riƙe: mutanen da suka zo suka auna ƙasar gidanmu, suka kankare mai gubar, suka zuba sabuwa. Irin aikinsu nake so in yi. Inna kaɗai ta san haka. Ta sha ce mini in faɗa wa Baba, ni kuma ina ta ɗagawa.

A shagon rajistar mutane cike. Da layi ya zo kanmu, mai kwamfutar ya tambayi abin da zan karanta.

"Likita," in ji Baba, da ƙarfi, don kowa ya ji.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kimiyyar muhalli."

Mai kwamfutar ya ɗauke hannunsa, ya dube ni, ya dubi Baba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa musa wa Baba ba ko a ɗaka, balle a gaban jama'a. Baba ya juya ya fita. Na bi shi, na same shi tsaye a jikin babur ɗinsa.

"Mi kika ce a ciki?"

Na maimaita, kaina a ƙasa.

"Shi wanga abu, ciwon mi yake warkarwa?"

Na ce ba ya warkar da ciwo. Sai hawaye suka zo, maganar ma ta zo tare da su. Na ce, "Baba, likitoci sun ceci ran ƙanena, Allah ya saka musu. Amma ba su iya maido mishi abin da dalma ta ɗauke ba. Autarmu da aka haifa bayan an canza ƙasar gida, ka ga ko ciwon kai ba ta yi ba. Ni ina son in riƙa isa gida tun yaro bai kwanta ba."

Baba ya daɗe yana kallon titi. A lokacin na ɗauka fushi ne. Sai da na girma na gane mutum ne yake sauke burin da ya yi shekaru yana ɗauke da shi, kuma hakan ba ya yiwuwa cikin gaggawa.

Can ya ce, "Innarki ta sani?"

Na ce ta sani.

"To ni kaɗai ne baƙo a gidana ke nan." Ya goge fuska da hannun riga. "Mu koma, kada a ba wani wurinmu."

Da muka shiga ya ce wa mai kwamfutar, "Rubuta abin da ɗiyata ta ce. Ni ban iya faɗinshi ba." Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi.

Kafin jarrabawar, shi ya riƙa kai ni Anka ina koyon amfani da kwamfuta, ya zauna a waje cikin zafi har in fito. Na samu gurbi a jami'a, na gama. Yanzu ina cikin masu auna ruwan rijiyoyi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma ina shirin komawa karatu don wata rana mu samu ɗakin gwaji a nan kusa, ba sai an kai ruwa nesa ba. Rijiyar farko da na auna ta gidanmu ce. Baba ne ya ja gugan da kansa, ƙanena ya riƙe mini kwalba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, iyaye ba sunan aiki suke so ba, alherin da ke bayansa suke nema. Wanda ya ɓoye musu burinsa don tsoro, ya hana su damar sa masa albarka.