Gawon Lawwali

Salmatu, kin taɓa lura gero ya fi tsawo a gindin gawo? To zauna in gaya miki labarin mutumin da ya koya mini wannan. Kawunki Lawwali, ƙanena, wanda ke bi na. Ke ba ki san shi sosai ba, kina goye lokacin.

Da ƙuruciyarshi shina kai hatsi Maraɗi. Can ya ga manoma in suna sassabe ba su tumɓuke tohon itace, sai su bar guda biyu su gyara su. Ya dawo nan Daddara ya yi haka a gonar babanmu. Dariya aka yi ta yi mishi. Mijina ma ya ce, "Lawwali, in ƙyuya ce ka faɗa, a taya ka." Shi kuwa sai ya ce, "Gawo da damina shike zubar da ganye, bai tare wa gero rana. Taki ne Allah ya ba ka tsaye." Shekaru suka tahi, gonarshi ta cika da gawo, rumbunshi ya fi na masu dariya.

Akwai wani makiyayi, Yusha'u, dattijo. Duk rani shina zuwa da shanunshi ya sauka a gonar. Ya hau gawo ya sare ƙananan rassa, shanu su ci, su bar kashi, kafin damina itacen ya sake toho. Haka aka saba shekara da shekaru. Kuma Yusha'u shi ne kunnenmu. In mutanen daji masu bindiga sun matso, shi zai ce wa Lawwali, "Kada matanku su je itace jibi."

Sai wasu mutanen ƙungiya suka zo daga Katsina. Suka ce itatuwanmu ke riƙe ƙasa, su ke hana yashi cika dam ɗin Jibiya, don haka aikin da suke yi ya kamata a biya. Za a riƙa ba garin takin zamani duk shekara, amma da sharaɗi: ko reshe ɗaya kada a sare. Aka naɗa Lawwali mai gadi, aka ba shi koriyar riga. Ya ce musu, "Ranku ya daɗe, sarar reshe ba kisan itace ba ne, aski ne." Suka ce su ma daga sama aka ba su dokar.

Rani ya zo, Yusha'u ya iso. Ina tsaye da ƙwaryar fura lokacin da Lawwali ya gaya mishi. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce, "Lawwali, ni ne yau baƙo a gonar nan?" Ya kora shanunshi ya tsallaka Nijar. Bai ko sha furar ba.

Daga ranar muka zama kurame. Ba mai gaya mana komi. In mun ji ƙarar babur, sai in tattara ku in tura ɗaki.

Rani na biyu wasu shanu suka sauka a gonar. Ba na Yusha'u ba ne, na sata ne, kowa ya sani. Masu su samari, bindiga a kafaɗa. Su ba aski suke yi ba, daga tsakiya suke datse itace. Daga tsakar gida muna jin gatari, kowane sara kamar a ƙirjina.

Gari ya rabu. Wasu suka ce a yi shiru, rai ya fi taki. Wasu suka ce in mutanen ƙungiya suka zo suka ga kututture, an rasa takin ke nan, ga shi wanda ke kawo na shanu an kore shi. Mi za a ci? Suka riƙa taruwa ƙofar Lawwali. "Kai aka ba riga. Rigar ta ado ce?" Ya buga waya Katsina, aka ce ya yi haƙuri, hanya ba ta biyuwa.

Da hantsi, matarshi Rabi'a na ɗora tukunya, na gan shi ya fito ba rigar, ba ko sanda. Ya ce zai je ya roƙe su su sari rassa kawai, har ya nuna musu yadda ake yi. Na sha gabanshi na kama hannunshi. Na dubi fuskarshi, Salmatu. Shi ma tsoro shike ji. Na ce, "Lawwali, don darajar iyayenmu ka bari. Itace ne fa."

Ya tahi. Zuwa azahar gatarin ya yi shiru, washegari shanun sun tashi, gawon da ya rage ya tsira. Shi ne dai har yau ba labarinshi. An kawo takin shekarar nan, ni ban iya kallon buhun ba.

Da zai tahi, ya zare yatsuna ɗaya-ɗaya daga hannunshi, ya ce, "Yaya, sake ni, mutane na kallo. Ki ce wa Rabi'a kada ta jira ni, ta zuba wa yara abinci."